Zan ajiye baka mai taya in koma rikab, laba nawa ya kamata in saya?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, kuma don Allah masu sani su tanka, kada a yi mini shiru irin na wancan karon.

Shekara uku ke nan ina harbi da baka mai taya, wanda ake kira kwamfawun. Yayana ne ya zo mini da shi daga Amurka, mai nauyin ja laba 65, da saitinsa da kunamarsa ta sakin tsirkiya da komai. Ba yabon kai ba, daga mita 40 ina tara kibiya biyar a faɗin faranti. To makon jiya a gonarmu ta wajen Kujama, ina cikin ja sai na ji ƙas! Tsirkiya ta zame daga kan tayar sama, ɗaya igiyar kuma ta fara tsintsinkewa. Allah ne ya tsare idona. Tun ranar yana kwance a but ɗin mota. Na zaga neman mai injin matse shi a mayar da tsirkiyar, ban samu ba. Har Panteka na kai shi, wani mai walda ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan baka ne ko keke?"

Saboda haka na yanke shawarar komawa rikab, mai tanƙwararrun bakuna, wanda mutum zai kwance tsirkiyarsa ya ɗaura da kansa. Tunda 65 nake ja ba gumi, ina ganin 55 zai yi mini daidai. Abin da nake bi bai wuce zomo da zabin daji ba, sai gada in an dace. Wane iri zan saya, kuma me da me ake haɗawa da shi?

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, mai waldan nan ya fi mu gaskiya duka. Baka da taya, da birki, da madubi, saura lambar mota. Ka shiga ƙauye ranar kasuwa ka sayi kwari da baka na iyaye da kakanni, canjin ka saya mana tsire.

Injiniya na Malali:
Wa alaikumus salam Baban Hanif, sannu da arziki. Kafin komai, 55 ɗin nan ka cire shi daga ranka.

Bakanka na yanzu ya daɗe yana yi maka ƙarya mai daɗi. Laba 65 ɗin da kake faɗa, a tsakiyar ja kawai kake haɗuwa da shi, na ƙiftawar ido. Da zarar tayoyin sun juya, nauyin ya zube. In naka irin mai sauke kashi 80 cikin ɗari ne, abin da kake riƙewa lokacin da kake auna bai wuce laba 13 ba, shi ma ba da yatsu ba, da kunamar da ke ɗaure a wuyan hannunka.  Wani mutumin Misuri, Holless Wilbur Allen, shi ya nemi rajistar fasahar a 1966, aka ba shi a 1969.

Rikab ba ya rage maka ko anini. Iya jan da ka yi, iya nauyin da zai ƙaru, kuma inda ya fi nauyi shi ne daidai inda kake son ka tsaya ka auna. Laba 55 kusan kilo 25 ne. Ka je wurin mai ruwa ka ɗauki jarka guda cikakkiya da yatsu uku, ka riƙe ka ƙirga biyar, ka ajiye, ka maimaita sau sittin. In ka yi haka fuskarka ba ta yamutse ba, ni da kaina zan biya maka kuɗin bakan.

Ka fara da 25 ko 30. Ka sayi wanda ake warewa gida uku, mariƙi da fikafikai biyu, yadda in hannunka ya faɗa sai ka sauya fikafikan kawai. Samick Sage na kamfanin Koriya shi ne yawancin mutane ke farawa da shi: tsawonsa inci 62, fikafikansa daga laba 25 har 60, kuma ba ya bukatar ko sukundireba, da hannu ake ɗaure kusoshinsa.

Baban Hanif:
Injiniya, ranka ya daɗe, 25 fa ka ce? Ai wannan na Hanif ne. Ni fa ba sabon shiga ba ne.

Injiniya na Malali:
A rikab sabon shiga ne kai, yallaɓai. Wanda ya shekara uku yana tuƙa mota mai sarrafa giyarta da kanta, ranar da aka ba shi mai kuloci ai ɗan koyo ne.

Kawu Mai Ritaya:
Ni ban yarda da Injiniya ba, ko da yake na san ya fi ni karatun abin. Kuna magana kamar a Amurka muke, inda mutum zai danna waya jibi a ajiye masa kaya a ƙofar gida. Nan duk abin da za ka sayo sai ka canji dala, ka biya kuɗin jirgi, ka yi wata guda kana zuba ido. A ce yaro ya sayi 30 yau, bayan wata huɗu ya sake sayen 45? Kuɗin a bishiya ake tsinko su? Ya sayi 45 sau ɗaya, ya daure, jiki zai saba. Mu da aka horar da mu ba a tambaye mu ko kaya sun yi mana nauyi ba. Kuma 30 me zai kashe? Gada za ta tafi da kibiyarka kamar an yi mata allura.

Maman Iman:
Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa zan sa baki a maganar manya. Aikina gashin ƙashi da motsa jiki, kuma kafaɗa ita ce abin da na fi gani. "Jiki zai saba" ɗin nan shi ke kawo mana mutane. A kewayen gaɓar kafaɗa akwai wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da ke riƙe kan ƙashin hannu a mazauninsa. Ba su da girma, ba su da saurin warkewa. Idan baka ya fi ƙarfin mutum, maimakon ya ja da tsokokin bayansa, sai ya ɗage kafaɗar gaba har kusa da kunne ya fizga da damtse. Ranar farko ba zai ji komai ba. Bayan makonni sai sa riga ya zama aiki, kwanciya ta ɓangaren ta gagara. Kuɗin fikafikai na biyu da ake gudu, ninkinsa za a kashe, ga watanni ba harbi.

Ni 24 nake ja, shekara biyu ke nan, a bayan gida, buhu nake harbi ba dabba ba. Maigidan da ya yi mini dariya da farko ya ari nawa ya fi sau goma.

Ɗan Rigasa:
Hajiya ta fasa ƙwai. Maigida in kana cikin gidan nan ka fito ka kare kanka.

Kawu Mai Ritaya:
'Yata, na ji, kuma ba zan yi musu da mai sana'a a kan sana'arta ba. Amma maganar gada tana nan.

Injiniya na Malali:
Tana nan, Kawu, kuma gaskiyarka ce. Ba a ce ya tafi daji da 30 ba. Ko a Amurka jihohi da dama sun sa iyakar nauyin da za a yi farautar barewa da shi, wasu 35, wasu 40. Na koyo daban, na daji daban. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya fara da 45 kai tsaye yakan koyi wani mugun hali: kafin tsirkiya ta iso bakinsa ya sake ta, don yatsu sun gaji. In wannan ya zauna a jikin mutum, cire shi ya fi koyon harbin wuya. Na sani don ni ya kama. Da 50 na fara saboda girman kai, na yi kusan shekara ina saki tun hannuna bai taɓa fuskata ba, ina ji ina gani. Sai da na koma 28 kamar yaro kafin na warke.

Wani abu kuma, lambar da ke rubuce a jikin fiffike an auna ta ne a jan inci 28. Duk incin da ka ƙara, kusan laba biyu zuwa biyu da rabi ne ke hawa. Dogon mutum da ya sayi 30 zai iya samun kansa yana riƙe 34.

Jikan Sarkin Baka:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ɗan Rigasa da wasa ya faɗi tasa, amma bari in yi maganar bakanmu na gida da gaske, don kada wani ya ɗauka abu ɗaya ne da wanda kuke magana.

Na tashi a gaban kakana ina riƙe masa kwari. Bakansa ba wani nauyi gare shi ba, yaro ɗan shekara goma sha biyar zai ja shi. Kibiyarsa kyauro ce, ba gashi a gindinta, bakinta ƙarfe mai kunne daga maƙera. Ba ƙarfin baka ke kayar da nama ba, dafi ne, shi ya sa ko a cinya aka samu dabba sai a bi sawu. Ku kuwa ba dafi a naku, dole kibiyar ta shiga inda ya dace ta huda huhu, in ba haka ba kun cuci dabba kun cuci kanku.

Abin da tsohon zai koya muku ba baka ba ne, tafiya ce. Kafin ya fita sai ya debi toka a tafin hannu ya saki kaɗan ya ga inda iska ta nufa. Ya cire takalmi. Yakan yi rabin sa'a a tsugune bayan sabara bai motsa ba, ƙuda na yawo a fuskarsa. Ban taɓa ganin ya harbi abin da ya wuce taku ashirin ba. Baban Hanif, kai da ka saba da mita 40, wannan ne zai fi ba ka wuya, ba nauyin ba. Da rikab sai ka koma mita 15, in ka ƙware 20.

Ɗan Kagoro:
Jikan Sarkin Baka ya tuna mini gida. Mu ma bikin Afan da muke yi ranar 1 ga Janairu asalinsa ke nan, an gama girbi, an buɗe lokacin farauta. Duk wanda ya taɓa zuwa ya ga maharba da kwari da baka a fili. Tsofaffinmu ma maganarsu ɗaya da kakanka, wai wanda ya harba daga nesa tsoron daji yake ji.

Amma ni tambayata daban ce. Baban Hanif, don me za ka jefar da abin da ka riga ka iya? Akwai ɗan ƙaramin abin matsewa na igiyar ƙarfe da ake sayarwa, yana shiga aljihun jaka, in dai ya dace da irin fikafikan bakanka. Ka yi odarsa tare da sabuwar tsirkiya da igiyoyi, an wuce wurin. Mai taya yana tura kibiya wajen ƙafa 300 a daƙiƙa, rikab da ƙyar yake haura 180. Wanda ya fi kashewa da wuri ba tare da wahalar da dabba ba, ai shi ne mafi tausayi. Kada mu gudu daga gara mu faɗa gidan zago.

Baban Hanif:
Ɗan'uwa, maganarka ta shige ni, kuma ba jefar da shi zan yi ba, zan gyara. Amma gaskiyar magana, tun kafin ya lalace ya fara gundurata. In na ɗora ɗigon saiti a kan abu na taɓa kunama, na san inda za ta. Ranar da na ga wani dattijo a Kujama ya ɗauke kurciya daga kan reshe da bakan da bai kai kuɗin kibiyata guda ba, na ji kunya ta kama ni da kayana a rataye kamar mai shirin zuwa wata.

To na sauko, a ce 35. Kiban da nake da su fa, za su yi?

Injiniya na Malali:
35 ciniki ne irin na Kasuwar Barci, amma na karɓa, da sharaɗin ba za ka ƙara ba.

Kibanka ba za su yi ba. Na mai taya 65 yawanci lamba 340 ne, sun yi tauri da yawa. Lambar tana nuna yadda kibiya ke lanƙwasa, kuma iya girman lambar, iya laushinta. Kibiyar da ke fita daga yatsu sai ta ɗan yi lanƙwasa kamar kifi ta kauce wa mariƙi, in ta yi tauri sai ta riƙa tafiya gefe kana zargin idonka. A 35 ka nemi 600, kada ka yanke su tukuna. Ranar da ka hau 45 sai ka koma 500. Sannan ka zaɓi masu gashin talo-talo, ba masu fiffiken roba ba, in dai a kan kafaɗar mariƙin za ka ɗora kibiya. Gashi yana kwantawa ya wuce, roba kuwa sai ta daki katako ta yi tsalle.

Sauran kaya ba su da yawa. Igiyar ɗaura tsirkiya dole ce, kada ka yarda ka taka baka da ƙafa kana lanƙwasawa, haka ake murɗe fiffike. Tsirkiya ka sayi biyu. Fatar yatsu da fatar kare hannu kada ka ɓata dala a kansu, ka nuna wa baduku hoto zai ɗinka maka. Abin harbi kuwa buhun masara ka cusa masa tsummoki da tsofaffin gidajen sauro ka danne sosai. Tazarar tsirkiya da mariƙi a Sage tsakanin inci bakwai da rabi ne zuwa takwas da kwata. In ka ji baka na ƙara yana dukan hannu, ka cire tsirkiya ka ƙara mata murɗi kaɗan. Kuma ka daina barin baka a but, zafin Maris da Afrilu na garin nan namu Kaduna yana iya saki gam ɗin da ya haɗa katako da gilashin fiffike.

Auta na Barnawa:
Yaya, ƙarin abu ɗaya daga wanda ya ƙone. Wurin oda za a tambaye ka na dama ko na hagu. Ni na ce ai da hagu nake riƙe baka, na danna hagu. Na jira mako biyar, na buɗe kwali da murna, na ga tagar da ake ɗora kibiya tana ɗaya ɓangaren. Ashe hannun da ke jan tsirkiya ake nufi. Yana nan rataye a ɗakina, in akwai bahago a gidan nan ya yi magana mu daidaita.

Ɗan Rigasa:
Auta, Allah ya mayar da alheri. Ka koyi harbi da hagun mana, ai duk ibada ce.

Malam na Tudun Wada:
Tunda an ambaci zomo da zabi, akwai abin da ban ga an taɓo ba. A shafukan da kuke sayen kaya za ku ga wani kan kibiya mai dakusasshen baki, na roba ko na ƙarfe, wanda suke cewa na ƙananan dabbobi ne. Ba ya hudawa, bugu yake ya kashe. Ga musulmi a nan akwai magana. Adiyyu bin Hatim ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da farauta da mi'iradi, wato sandar jifa mai tsini a baki, aka ba shi amsa cewa abin da ya samu da kaifinsa a ci, abin da ya buge da faɗinsa ya mutu kada a ci. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Saboda haka in ka bugi zomo da irin wannan ka same shi da rai ka yanka, ya halatta. In ka tarar ya mutu, mushe ne. Mai kaifi kuwa, ka yi bisimilla lokacin saki, in ka riske shi da sauran rai ka yanka, in ya riga ya cika ka ci abinka. A riƙa tafiya da wuƙa mai kaifi a kugu.

Baban Hanif:
Allah ya gafarta Malam, wallahi guda shida na sa a kwandon oda. Na cire yanzu. Allah ya saka da alheri.

Injiniya na Malali:
Ka bar biyu don harbin kututture da gidan tururuwa lokacin yawo, ba abin da ya kai shi koya wa ido kimanta nisa. Na nama kuwa ka nemi mai kaifi biyu wanda ba ya buɗewa, ka wasa shi har ya aske gashin hannu. Masu buɗewa irin na mai taya suna cin ƙarfin da rikab ba shi da shi.

Shugaban Gida:
Muhawara ta yi daɗi, amma bari in yi aikina. Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa, farauta a ciki laifi ne ko da danƙo ne. Bayan wannan kowa ya san halin da dazuzzukanmu suka shiga a shekarun nan, ta Birnin Gwari, ta Chikun, ta Kajuru. Kada sha'awa ta kai mutum inda za a kira iyalinsa a waya. A tsaya gonakin da aka sani, a gaida mai unguwa, a sanar da maharban wurin da 'yan sintiri kafin a shiga. A hanya baka ya kasance a ware cikin jaka, kibau a rufe. Kuma ba ma son hoton dabba mai ciki ko mai shayarwa a gidan nan, wanda ya sa zan cire shi ba sallama.

Kawu Mai Ritaya:
Shugaba ya yi daidai. Ni dai ina nan a kan 45 ɗina. Za mu gani.

Baban Hanif:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan mako bakwai. Kaya sun iso, Sage mai 35, na dama, Auta na gode. Ranar farko na ƙi sa fatar hannu don baduku bai gama ba. Kibiya ta uku tsirkiya ta zabge ni a cikin hannu, wurin ya kumbura ya yi shuɗi kamar an shafa baba, uwargida ta ce ko faɗa na yi. Daga mita 10 na kuskure buhu sau huɗu a jere, buhu guda fa, ni da nake tara biyar a faranti. Kibiya ɗaya tana cikin bishiyar mangwaron maƙwabci har yau, kunya ta hana ni zuwa karɓa.

Injiniya, bayan harbi talatin yatsuna rawa suke, kuma na kama kaina sau biyu ina saki kafin in taɓa gefen baki. Da na ji maganarka na ɗauki 30. Kawu, 45 ɗinka sai dai in an sake haihuwata. Yanzu ina mita 12, shida cikin goma suna shiga faɗin murfin bokiti. Gada ta sha kuruminta bana.

Maman Iman:
Ka tsaya a harbi ashirin a rana, ka huta kwana ɗaya tsakani. In kafaɗar gaba ta fara zafi ta sama, ka ajiye gaba ɗaya.

Injiniya na Malali:
Tsofaffin fikafikaina na 28 ba za su hau mariƙinka ba, amma bakan gaba ɗaya yana nan. Ka zo Malali ranar Asabar bayan la'asar ka ɗauka aro na wata guda, ka taho da naka in duba tazarar tsirkiyar.

Ɗan Rigasa:
Ni ma zan zo. Alhaji, a wane gida mangwaron yake? In na ciro kibiyar tawa ce.